Ranar da Tabarauna Ya Faɗa Gulbi

Ni ne shugaban makarantar da ta fi kowace ƙanƙanta a Birnin Kebbi. Ni ne kuma malamin lissafi, malamin karatu, mai shara da mai buga ƙararrawa. Ƙararrawar wani tsohon ƙarfen injin ban ruwa ce da na rataye a ƙofar gareji. Ɗalibaina uku ne. Biyu ni na haife su, ta ukun aro ce.

Ba sha'awar koyarwa ce ta sa na buɗe makarantar ba. Wata rana shugabar makarantar kuɗin da 'yata take zuwa ta kira mu ofis, ni da matata Laure. Ta sa aka kawo mana ruwan sanyi, abin da ya sa na gane labarin ba mai daɗi ba ne. Ta ce shekara biyu ke nan yarinyar tana aji ɗaya, ba wanda ya taɓa jin ta karanta ko harafi guda. In an nuna mata allo sai ta sunkuyar da kai. Yara har sun sa mata suna, bebiya. Ta ce za su sake mayar da ita ajin, ta zauna da 'yan shekara biyar, ita tana da bakwai. Daga nan ta rage murya ta ce, "Alhaji, ka san ba kowane yaro Allah ya yi don boko ba."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara mata ba. Ɗayar maganar ce ta tsaya mini a rai.

A kan hanyar gida, ina tuƙa babur Laure tana bayana, na ce ni zan koyar da yarinyar da kaina. Na bar aikin ma'aikatar gona, shinkafa nake nomawa a fadamar Ambursa, kuma safiyata ba ta da wani mai ita sai rediyo.

"Kai?" in ji Laure. "Kai da ko aku ba ka taɓa koya ma sallama ba?"

Laure ma'aikaciyar jinya ce, ta saba ganin mutane sun zo da kurin cewa za su iya yi wa kansu magani. Amma kalmar nan ta bebiya ta yi mata zafi fiye da yadda ta nuna. Ta yarda, da sharaɗi ɗaya. Shekara guda. In aka koma makaranta a Satumba mai zuwa yarinyar ba ta karatu, za ta sa rigarta ta koma ajin da aka ce, ta zauna da ƙanana, ni kuma in koma wa rediyona.

Yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, Ummu Hani. Kowa yana ce mata Ummi, ban da ni da uwarta. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zura masa ido, ba a yabonsa, in wani ya yabe shi a gabanka sai ka sako wani zance. Ni kaina mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini Labbo ba, "kai wanga" nake, kuma ban ga ya rage mini tsawo ba. Laure ma Baban Munzali take ce mini, ta tsallake ta farin ta kama sunan ƙanenta. Da aka yaye Ummi, garin Gulma aka kai ta wurin Inna, mahaifiyata, ba ta dawo ba sai da ta shekara biyar. Ta dawo da tarbiyyar tsofaffi cif. Tana durƙusawa ta gaishe ka, ba ta kallon fuskarka, muryarta kuma in ka ji ta, to, "to" ta ce.

Ɗalibi na biyu Munzali ne, ɗan shekara biyar, wanda aka haɗa mini shi don kada gareji ya yi faɗi da yawa. Ta uku Titilope ce, 'yar maƙwabcina Lamidi. Lamidi kayan gyaran injin ban ruwa yake sayarwa. Ya zo garin nan daga kudu tun yana saurayi, yanzu Hausarsa ta fi tawa kama da ta tsofaffin Kabi. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Titi da Ummi ƙawaye ne, kuma tun da Ummi ta daina zuwa makaranta Titi ta ɗauki ciwon ciki na musamman, mai tashi da safe ya kwanta da hantsi. Bayan mako biyu Lamidi ya riƙo hannunta ya kawo mini.

"Hedimasta, ga ƙari," ya ce. "In lalata su za ka yi, lalata su tare, kada guda ta yi ma guda gori."

Ban san yadda ake koyarwa ba, don haka na koyar da abin da ke cikin gida. Lissafi da albasar Augie muka fara shi. Munzali ya gano da wuri cewa in ka cire uku daga kwandon Laure, abin da ya rage shi ne faɗa. Muka auna shinkafa da mudu da gwangwani, muka ƙirga taya nawa ke wucewa ta ƙofar gida, muka rubuta baƙaƙe a kan yashi da tsinke, daga baya muka koma kan buhunan taki, domin ko'ina rubutu ne a jikinsu. Duk ranar Laraba fita muke yi. Na kai su gonata a Ambursa suka ga yadda inji ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse yana turawa cikin fangalin shinkafa. Muka auna tsawon magudanar da igiya. Munzali ya auna zurfinta da jikinsa, muka dawo da shi a cikin buhu, kansa kaɗai a waje. Na kai su inda ake casar shinkafa, na kai su wurin maƙera, na kai su shagon Lamidi inda Titi ta nuna mana ta san sunan kowane ƙarfe.

A aji kuwa, ga yadda abin yake tafiya. In na rubuta kalma a allo sai in ce, "Titi, karanta." Ta karanta. In ce, "Madalla, Titi! Kanki na ja." Sai in ce, "Munzali, sauko daga taga ka karanta." Ya karanta rabi, ya ƙirƙiro rabi. Sai in juya ga allo, in ce wa allon, "To, ta kusa da Titi." Shiru. In saci kallo ta gefen tabarau, in ga kanta a ƙasa tana murza bakin hijabi. Uba ba ya tsayawa yana ƙura wa 'yarsa ta fari ido kamar mai zaɓen kaza a kasuwa, don haka sai in ce, "Shi ke nan, Titi, taimake ta." Mu wuce.

Haka muka cinye rani, muka shiga bazara, ruwa ya sauka. Munzali ya iya rubuta sunansa, ko da yake harafin tsakiya yakan juya masa baya. Titi ta kai ga karanta duk abin da idonta ya sauka a kai, har da saƙonnin wayata, sai da na sa mata lambar sirri. Ummi tana kwafe duk abin da na rubuta, tsaf, rubutunta ya fi nawa kyau. Amma na san kwafa daban, karatu daban. Mai zanen hula ma yana kwafa.

Sau biyu ko uku Lamidi ya tare ni a ƙofar gida bayan la'asar ya ce, "Hedimasta, ɗiyag ga taka hwa tana ƙoƙari." Na ɗauka lallashi ne irin wanda ake yi wa mai jinya. Kuma ko da gaske ne, ba zance ba ne da zan tsaya in amsa. Sai in ce, "An samu ruwa wajenku jiya?" Ya dube ni, ya dubi katangar da ta raba mu, ya ce an samu, alhamdu lillahi, kusan daidai da namu.

A cikin Agusta na dawo daga gona na tarar da tsohuwar rigar makarantar Ummi a rataye bayan ƙofar ɗaki. An wanke ta, an goge, an warware kalmasar ƙasa an ƙara mata tsawo.  Ummi ta shigo da tsintsiya, ta ga rigar, ta tsaya. Ran nan tuwonta Munzali ne ya cinye.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne na fara yarda da shugabar makarantar. Ina kan babur, ina cikin gona, ina tsakiyar alwala, sai in ji muryarta tana cewa ba kowane yaro ba. In tuna yarinyar zaune a kan ɗan benci tsakanin ƙanana, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, ana ce mata bebiya, ita kuma tana cewa "to".

Fitarmu ta ƙarshe kafin Satumba na ce Argungu za mu. Na daɗe ina yi musu alkawari, kuma in za a rufe makaranta, gara a rufe ta da tafiya mai nisa. Lamidi ya ce zai kai mu da motarsa, da ma yana da kayan da zai sauke wa wani mai shago a can. Matarsa Dupe ta sa wa 'yan matan hijabansu na Sallah, iri ɗaya ta ɗinka musu, kore shar kamar sabuwar shuka. Laure za ta wurin aiki, ta tsaya a bakin mota ta kafa doka.

"Gulbi ya cika. Ba yaron da za ya shiga jirgi. Baban Munzali, ka ji ni?"

"Na ji."

"Baban Titi, kai nika ba amana, shi wanga in ya hwara bayani mance duniya yakai."

Hanya ta yi kyau. Dama da hagu shinkafa ce kore har inda ido ya tsaya, balbelu sun zuba a ciki fari fat. Na yi ta bayani, Lamidi ya yi ta ƙara ƙarar rediyo. Da muka isa muka fara da gidan tarihi. Yara suka ga tsofaffin ganguna da masu da kayan kamun kifi. Munzali ya tambayi mai yi mana jagora ko Kanta, sarkin da ya kafa Kabi, yana da babur. A gaban wani babban gora na tsaya, na nuna ɗan rubutun da ke jikinsa, na ce wa iska, "Ko akwai mai karanta muna wanga, banda Titi?" Na jira. Ummi ta duba yatsun ƙafarta kamar ranar aka ba ta su. Na ce mu tafi bakin gulbi.

Ruwan ya cika ya tumbatsa, ja wur kamar kunun kanwa, yana tafiya ba hayaniya. A mashaya muka tarar da wani masunci mai suna Malami zaune yana ɗinkin koma, wato ragar kamun kifi, jirginsa a ɗaure da turke, goransa a ciki. Na gaishe shi, na roƙi aron jirgin da goran na ɗan lokaci. Dokar Laure yara ta ambata, ba ta ce komai game da shugaban makaranta ba. Na jera ɗalibaina a kan tudu, na shiga jirgin, na tsaya a ciki kamar mai huɗuba.

Na yi musu bayanin yadda masunci ke kwanciya a kan gora ya yi iyo da shi, hannuwansa suna riƙe da koma, in ya kama kifi ya jefa cikin goran ta bakinsa. Na ga ba su gane ba, ko kuma na ga ina jin daɗin muryata. Sai na ce bari in gwada musu. Na ɗora tumbina a kan goran, na miƙa hannuwa, na leƙa da kai ta gefen jirgin ina nuna yadda ake duban kifi. Goran ya mirgina kaɗan. Jirgin ya karkata kaɗan. Tabarauna ya sulale daga hancina a hankali, cikin ladabi, ya ce ɗis a ruwa, ya tafi.

Malami ya ajiye komarsa, ya shiga ruwan har ƙugu, ya lalube da ƙafa, ya lalube da hannu. Ya fito yana girgiza kai.

"Malam, sai haƙuri. Yau dai wani giwan ruwa za ya yi karatun jarida."

Lamidi ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Munzali ya tambaya ko wannan ma cikin darasin ne.

Ni in ba tabarau, duniya dishi-dishi take zame mini. Ina ganin launi, ina ganin motsi, amma fuskar mutum sai ta zama kamar an shafe ta da tsumma. Lamidi ya riƙe hannuna muka hau tudu kamar ango da babban aboki. An kira azahar. Ya ajiye mota a gindin wata bishiya kusa da masu suyar kifi, ya damƙa yaran ga wata dattijuwa mai suya, ya ce ta zuba musu su ci, muka shiga wani ƙaramin masallaci.

Da aka sallame Lamidi ya ce zai je ya sauke kayansa, shagon nan kusa ne, in jira shi. Na zauna na yi addu'a mai tsawo. Ban roƙi tabarau ba. Na ce, ya Allah, in yarinyar nan ba ta da rabo a karatu, ka ba ta zuciyar da za ta ɗauki abin da za a ce mata, ni kuma ka ba ni bakin da zan gaya mata ta sa rigar nan. Na shafa, na lalubi takalmana, ko dai takalman da suka yi daidai da ƙafata, na fito. Da yake ban ga hanya sosai ba, sai na zagaya ta bayan masallacin, na ɓullo wa bishiyar ta inda ba wanda ya zaci zan fito.

Na hango kore biyu. Ɗaya a zaune kusa da hayaƙin mai suya, ɗaya a tsaye ta juya mini baya, tana fuskantar wata doguwar katanga mai baƙin rubutu. Sai na ji murya, siririya, a natse, tana bin kalma ɗaya bayan ɗaya.

"An... hana... fitsari... a nan. Duk wanda ya yi... Allah ya isa."

Munzali ya ƙyalƙyale da dariya daga wani wuri. Muryar ta ci gaba, ta koma kan na gaba.

"Ana gyaran injin ban ruwa da janareto. A tuntuɓi Abbas, bayan tasha."

Ba tuntuɓe, ba in'ina. Har "tuntuɓi" ta fito da ita lafiya, kalmar da na san manya da ke faɗuwa a cikinta. Na ji daɗi, na ji ɗaci, duka a lokaci guda. Na ce a raina, to, Labbo, shekararka ba ta tafi a banza ba, ka koyar da 'yar maƙwabci. Kuma malami ba ya hana ɗalibi yabonsa don nasa ya kasa. Na matsa, na ɗora hannu a kan koren hijabin, na buɗe murya yadda na saba.

"Madalla, ɗiyata! Wallahi kanki na ja. Haka aka karatu! Duk wanda ya haihe ki ya gode ma Allah. Sake karanta shi in ji."

Kan da ke ƙarƙashin hannuna ya sandare. Ba a sake karanta komai ba. Daga can wajen hayaƙi, wata murya da na sani sarai, cike da kifi, ta ce, "Baba Hedimasta, ni hwa ga ni nan. Kihi nika ci."

Na daɗe a tsaye. Abu na farko da ya zo mini shi ne ban san muryar 'yata ba. Shekara takwas, da an jera mini muryoyi a ce in zaɓi tata, da sai in nemi wadda ta ce "to". Abu na biyu shi ne hannuna yana kanta, rabon da ya hau nan tun ranar suna, kuma ban san yadda ake sauke shi ba. Ga mai suya tana kallo, ga masu jiran kifi suna kallo, mutum ya yabi 'yarsa ta fari da ƙarfi a bainar jama'a har yana cewa ubanta ya gode wa Allah.

A haka Lamidi ya dawo ya same mu.

"Lahiya, Hedimasta? Ka yi tsaye kamar an dasa ka."

"Lamidi, karatu takai."

"To?"

"Karatu nic ce maka. Ta karanta katangag ga tun daga can har nan."

"Katanga kaɗai? Wagga da ke karanta ma Dupe takardar magani da kwalin madara kullum da marece? Tun kahin azumi hwa. Ita da Titi har gardama sukai wa za ya riga."

"Tun kahin azumi? Kuma ba ka hwaɗa mini ba?"

"Ban hwaɗa maka ba? Sau nawa nika tare ka ƙohwar gida? Kai ko sai ka tambaye ni ruwan sama, kamar Legas nike kwana."

"Cewa ka yi tana ƙoƙari."

"To mi kaka so in yi, in ɗauko maroƙi? Kai ne malaminta! Na ɗauka ka sani, kunyarku ce ta Kabawa ta hana ka nunawa. In na ga ka ɗaure huska sai in ce, kai, mutumen ga ya iya al'ada."

Na sauke hannuna a ƙarshe, na rasa inda zan kai shi, na sa a aljihu. Na tambayi bishiyar, tunda ba zan tambayi yarinyar ba, me ya sa ba a taɓa karantawa a aji ba.  Titi ce ta haɗiye kifinta ta amsa.

"Inna ta Gulma ce tac ce mata ɗiyar hwari ba ta ɗaga murya gaban babanta, rashin kunya ne. Kuma ta ce in kana so ta karanta, da ka kira ta yadda kaka kiranmu. Ba ka kira ta ba."

"To can makaranta hwa? Can ai ba ni nan."

"Ran da taz zo ta yi magana irin ta Gulma, sunka yi mata dariya, har anti, malamarsu. Shi ne tac ce ba ta ƙarawa."

Wato shekara guda muna zaune a gareji ɗaya, ni ina jin kunyarta, ita tana jin kunyata, kowa yana cika ladabi, rigar makaranta kuma tana ƙara tsawo a bayan ƙofa.

Na ga ba makawa sai na kira ta. Na buɗe baki. Ji na yi kamar zan kira Inna da sunanta na yanka a tsakiyar kasuwa. Na yi gyaran murya, na sake yi, har mai suya ta miƙo mini ruwa. Sannan na ce, ƙasa-ƙasa, "Ummi."

Koren ya juya wajen Lamidi, don a nan ta saba jin sunan. Lamidi ya ɗaga hannu ya ce ba shi ba ne. Sai ta juyo, ta durƙusa, ta ce, "Na'am, Baba."

"Karanta mini wancan na ƙarshe."

Na ji numfashinta, na gane tana so, abin ne ya ƙi fita. Sai dabara ta zo mini, ta farko mai amfani tun da na zama malami.

"Kin gani, tabarauna na gulbi. Ko huskarki ban gani. In ba a karanta mini ba, ban san mi anka rubuta ba." Na juya mata baya, na fuskanci hayaƙin kifi. "Ga shi ma na juya."

 Sannan daga bayana siririyar muryar ta ce, "Ana... sayar da ƙanƙara."

Hayaƙin kifin nan yana da yaji, ya cika mini ido.

A hanyar dawowa na zauna gaba, ta zauna bayana daidai ƙeyata. Na ce tunda shugaban makaranta ya makance, dole wani ya riƙa gaya masa inda ake. Ta karanta mini allon kowane gari, da na masu faci, da na gidajen mai, da na wani mai maganin basir da ya bi hanyar nan duka da fenti. Tun tana yi ƙasa-ƙasa har ta kai Titi tana cewa nata ne na gaba. Lamidi ya kashe rediyo da kansa.

Saura Laure. Muka iso kafin magariba, muka tarar ta dawo tana zaune a ƙofar madafa da faranti a cinya tana tsintar shinkafa. Ta dube ni sau ɗaya.

"Ina tabarau?"

"Yana Argungu."

"Wurin wa?"

"Cikin gulbi. Amma ba yaron da ya shiga jirgi."

Ta koma kan shinkafarta. Na tsaya ina juya maganar a raina. Ba zan iya zuwa in tsaya a gabanta in ce 'yarmu ta iya karatu ba. Ko na iya, ita ba za ta iya tsayawa ta ji ba, kunyarta ta ninka tawa. In na kira yarinyar na ce ta karanta a gaban uwarta, mun koma inda muka fito.

Tagar gareji tana kallon madafa. Na tura 'yan matan ciki, na ba su littafin karatun da muke yi, na buɗe tagar, na raɗa wa Titi cewa yau ba ita ba ce. Na dawo na zauna a kan turmi nesa kaɗan da Laure, na ba tagar baya kamar yadda ta ba ta.

Muryar ta fara. Labarin wata akuya ne da ta shiga gonar wake. Ta karanta layi na farko, ta karanta na biyu. A na uku na ji ƙarar tsakuwar da Laure ke jefawa a ƙasa ta tsaya. Ba na ganin fuskarta, amma na ga hannunta ya daina motsi a cikin farantin. Akuya ta ci wake, mai gona ya biyo ta, ta tsallake shinge. Laure ta ja gefen mayafinta ta kai fuska.

"Albasag ga ta Augie yaji gare ta," ta ce.

Shinkafa ce a cinyarta. Ban gyara mata ba.

Da aka kai ƙarshen shafi, ta ci gaba da tsinta, ba ta waiwaya ba. Can ta ce, "Baban Munzali, waccan mai karatu ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar maƙwabta ce, ina ji."

"To." Ta jefar da wata tsakuwa. "In ka ga iyayenta, ka ce musu su bar ta inda take. Malamin nata ba laihi."

Da safe rigar ba ta bayan ƙofa. Ban tambaya ba. Bayan kwana kaɗan na gan ta a jikin Munzali, an yanke ta an mayar da ita rigar zuwa gona, yana shirin auna wata magudanar da ita.

Na yi sabon tabarau. Da shi nake koyar da lissafi, da shi nake duba rubutu. In lokacin karatu ya yi sai in cire shi in sa a aljihu, in juya ga allo, in yi gyaran murya sau ɗaya ko biyu, in kira ta.